Ƙwan Dinya a Cikin Hulata

Na sauka a Winnipeg, wani birni a tsakiyar ƙasar Kanada, da jaka ɗaya da ƙunshin kilishi da wasiƙar Madam Margaret a aljihun ƙirji. Wasiƙar nan na haddace ta kamar karatun allo. Cewa ta yi in yi musu aikin wata uku a sansaninsu na can ƙuryar arewa, ina nemo sheƙar dinyar daji ina ƙirga ƙwai da 'ya'ya. Idan aka tashi lafiya, littafin aikina ya fita tsaf, za ta sa hannu a ba ni gurbin karatun digiri a jami'arsu. Ni Isiyaku, wanda diflomarsa ta shekara tara a ƙasan akwati, me zan ce ban da to?

A dajin Falgore muka san juna. Ina aikin rakiyar baƙi ta ɓangaren Doguwa, ita kuma ta zo kallon tsuntsaye. Mako biyu ina nuna mata sheƙar da na'urar hangen nesanta ta kasa gani. Ni ba wani abin mamaki ba ne a wurina. Ɗan masunta ne ni daga bakin ruwan Tiga, a ƙasar Bebeji, tun ina ƙarami na san inda dinya take ɓoye ƙwanta a cikin ciyawa. Amma Madam ta riƙa cewa idona zinare ne. Ashe mai yabon idonka, idon yake so, ba kai ba.

A ofishinsu na Winnipeg aka ba ni kayan aiki: takalmin roba mai kaiwa ƙirji, da safar hannu, da wata jibgegiyar rigar sanyi ja mai gashi a wuya, cikinta duk aljihuna. Kwana biyu zan yi kafin jirgin ƙasa, don haka na nemi Malam Habu, mutumin Yako ta Kiru, wanda wani surukin yayana ya ba ni lambarsa. Ya shekara goma sha wani abu a can yana tuƙin tasi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya yi mana tuwon semo da miyar kuka, har na ji ƙwalla ta taru mini. Muka taɓa hirar Kwanar Ɗangora da cin kasuwar Yako, ya cinye rabin kilishina yana sa wa mai yinsa albarka.

Da safen da zan tafi ya ɗaga jar rigar ya juya ta, ya kyaɓe baki.

"Ɗan'uwa, wannan ai ta tsakiyar hunturu ce. Yanzu bazararsu ta shigo, kwana kaɗan ka ji zufa. Nauyi kawai za ta yi maka. Bar ta nan in ajiye maka, ga wannan mara nauyi."

"Malam Habu, ai su suka ba ni."

"Su Turawa haka suke, komai sai sun cika shi. Ni zan cuce ka? Garinmu ɗaya fa."

Na ji kunyar in yi musu da wanda na ci tuwonsa. Na karɓi wata shuɗiyar riga da duk ta saki, na bar masa jar. Daga ranar, ko na kira wayarsa ba ta shiga.

Kwana biyu jirgin ƙasa yana tafiya da mu arewa. Da farko gonaki, sai daji, sai itatuwan suka riƙa gajarcewa har suka koma kamar sabara, daga nan suka ƙare ƙaf. Duk inda ka duba fari fat da dusar ƙanƙara. Wannan ce bazarar da Malam Habu ya ce zan yi zufa. A garin ƙarshe, bakin wani teku da ya daskare, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke mu ya dire a sansani: ɗakunan katako uku da shingen waya a tsakiyar fili, babu ko bishiyar da za ka fake.

Mu biyar ne, amma biyu ne suka shiga rayuwata. Akwai Tom, ɗalibin Madam mai neman digiri na uku, shi ne shugabana a wurin aiki. Sunana ya yi masa tsawo, ya yanke shi ya koma Zak, bai ko tambaye ni ba. Sai Agnes mai dafa abinci, wata dattijuwa 'yar asalin wurin, daga mutanen da suke zaune a nan tun kafin zuwan Turawa. Ni Iya nake ce mata. Ranar farko ta dubi shuɗiyar rigata, ta dube ni. Washegari na tarar da wata hular ulu mai rufe kunne a kan gadona. Da ta lura ina ture nama gefe, sai ta riƙa soya mini kifi daban, ba tare da ta tambayi dalili ba. Ita ce kuma take ƙwanƙwasa mini ƙofa idan lokutan sallar da na rubuta mata a takarda suka yi, don ranar wurin ba ta da tsari: ta fito ta ƙi faɗuwa, kamar baƙon da bai san an gaji da shi ba.

Tom ya yi mini bayanin aikin. Dinya takan taso daga kudu da kitsenta a jiki, ta iso daidai lokacin da dusar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fito. Da kitsen nan take yin ƙwai, da shi take kwanci kusan wata guda, ba ta cin abin kirki. Idan ɗumi ya zo da wuri, sai ka ga 'ya'ya ko'ina. Idan ya makara, sai ta yi ta jira tana ƙona kitsen a banza, ta yi ƙwai kaɗan, wata ma ta fasa. Abin da Madam ta shekara da shekaru tana aunawa ke nan. Namu shi ne mu nemo sheƙa, mu kafa ɗan tsinke mai lamba, mu rubuta lambar a jikin kowane ƙwai da alƙalami, mu tsoma shi a ruwa mu ga yadda yake kwanciya don mu san kwanansa. Na yi dariya a raina, wannan gwajin ai kowace mai sayar da ƙwai a Tudun Wada ta iya shi.

"Doka ɗaya ce," in ji Tom. "Ka duba, ka rubuta, ka wuce. Ba ka taimako, ba ka hanawa. Ko dila ka gani da ƙwai a baki, rubutawa za ka yi."

Na ce na ji. Na kuma ji ɗin, ba zan yi masa ƙarya ba.

Bana ɗumin ya makara. Dinya ta iso garke-garke, ta tarar ba wurin zama. Suka yi cirko-cirko a kan ƙanƙara suna kuka, mako ɗaya, mako biyu. Kana kallonsu suna ramewa. Ni ma haka. Sanyin nan yana ratsa shuɗiyar rigar Malam Habu kamar ba ta nan, kullum na fita sai na yi masa Allah ya isa sau uku kafin in kai bakin shinge. Kewar gida kuwa ba a magana. Ba mutane kaɗai ba, har warin kifi da hayaƙin banda na bakin dam na yi marmari.

Da ƙasa ta fara leƙowa, wuraren da suka fara fitowa 'yan tsibirai ne a tsakiyar wani kogi, don haka nan suka yi rububin yin sheƙa. Waɗanda suka riga suka kama tudu, na baya suka zauna a gangare dab da ruwa. Maimakon ƙwai biyar ko shida da Tom ya ce akan samu, sai uku, sai huɗu, wata biyu tak. Tsibiri mafi nisa aka ba mu ni da Tom. Ƙa'ida mu shiga tare, amma shi yakan tsaya a ɗan tantin da ke gaɓa da butar shayinsa, wai yana duba na'urori, ni in ratsa ruwa in yi zagayen. Sheƙa talatin da ɗaya na samo a tsibirin nan. Na san su ɗaya bayan ɗaya, na san mai faɗa da mai tsoro. Akwai wata mai tabon fari a wuya, lamba goma sha bakwai, a can saman tudu. Ita ba ta tashi sai ka kusa taka ta, mijinta kuma ya sha dukana da fiffike.

Sai ɗumin da aka yi ta jira ya zo gaba ɗaya, da ruwan sama a bayansa. Kwana biyu ana yi. Ƙanƙarar da ke can sama ta narke ta gangaro, kogi ya kumbura. Da na ratsa zuwa tsibirin da hantsi, ruwan da yake tsaya mini a cinya ya kai ƙirji. Sheƙa shida na gangare sun riga sun tafi, sai tsinkayen lamba a tsaye cikin ruwa. Uku kuma ruwan yana lasar bakinsu. Iyayen sun tashi tsaye a kan ƙwan suna kuka, suna janyo ciyawa da baki suna turawa ƙarƙashinsu, ruwan yana kwashewa.

Na kira Tom ta rediyon hannu. "Ruwa zai ci sheƙa uku yanzun nan. Ƙwai goma sha ɗaya, duk da rai a ciki."

"Madalla da ka gani da idonka," in ji shi. "Rubuta lokacin da ruwan ya shiga kowacce. Irin wannan bayanin muke nema."

Na fito da littafi da fensir, na tsaya. Abin da ya hana ni rubutu, sai na koma baya kaɗan za a gane shi.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga tun da aka gina dam ɗin. Ban taɓa ganinsa ba, a sabon matsuguni aka haife ni. Amma Inna, mahaifiyata, tana yarinya aka tashe su, kuma labari ɗaya take maimaitawa. Ba ta cika zancen gidaje ko kaburbura ba. Zancenta shi ne wasu ma'aikata masu gajeren wando da suka zo da littattafai suna ƙirga ɗakuna da rumbuna da bishiyoyin ɗorawa. Ta ce ba su zagi kowa ba, ba su daki kowa ba, ƙirgawa kawai suke yi suna rubutawa, ko tabarma ba su taya kowa naɗewa ba. Ita kuwa tana da kaza tana kwanci a kan ƙwan zabo, don a wurinmu haka ake yi: zabuwa ba ta iya riƙon 'ya'ya, sai a kwashe ƙwanta a sa wa kaza. Ranar da motar kwasa ta zo, ta kwashi ƙwan nan ta tafi da su har sabon gari, kuma suka ƙyanƙyashe. Duk zabin gidanmu jikokinsu ne, in ji ta. Na tashi ina ganin ana ɗauke ƙwai daga wata uwa a kai wa wata, ban taɓa jin an kira shi laifi ba.

To ga ni yau, da littafi a hannu, ina tsaye a bakin ruwa ina jiran ya ci gidan wani in rubuta ƙarfe nawa. Gajeren wandon ne kawai ba ni da shi.

Na mayar da littafin aljihu. Rigata ta jiƙe sharkaf, ba inda zan sa ƙwai a cikinta, sai na cire hular Iya na shimfiɗa gashin dinya na cikin sheƙar a ciki. Sawu uku na yi. Na duba littafina na zaɓi sheƙa huɗu na kan tudu waɗanda kwanakin ƙwansu suka yi daidai da waɗannan, don su fashe tare, yadda Inna take yi. Mai tabon fari tana da huɗu, na ƙara mata uku. Ta huro mini, mijinta ya ba ni fiffike a gwiwa, da na ja baya ta dawo ta dubi ƙwan, ta juya su da baki, ta gyara zama ta rufe su duka. Kafin in gama sawu na ƙarshe kunnuwana sun daina ji, kuma sheƙa ukun nan sun nutse.

Ban goge lambobin da ke jikin ƙwan ba. Ban ga abin ɓoyewa ba. Da na fito na gaya wa Tom komai. Ya dafe kai, sannan ya ce, "Kar ka gaya wa kowa. Rubuta cewa ruwa ya ci su." Na rubuta ruwa ya ci sheƙar, don gaskiya ne ya ci. A ƙasa kuma na rubuta inda na kai kowane ƙwai.

Da lokacin ƙyanƙyasa ya yi, tsibirai suka yi tsit. Inda Iya ta ce a shekara mai kyau ba ka iya taka ƙasa don 'yan tsaki, bana sai ka ga uwa da uba suna yawo da ɗa ɗaya, wasu da biyu, da yawa ba ko ɗaya. Amma a tsibirina mai tabon fari ta sauko ruwa da bakwai a bayanta, jere kamar 'yan rakiyar amarya. Cikin goma sha ɗayan da na kwashe, tara sun fito, biyu suka zama baragurbi. Tom da kansa ya kwanta a ciyawa yana ta ɗaukar hoton mai bakwai ɗin.

A makon ne Madam ta iso. Ta zaga tsibirin da kanta, ta tsinci ɓawon ƙwai mai lamba ashirin da tara a cikin sheƙa ta goma sha bakwai. Ta karɓi littafina ta karanta. A ɗakin cin abinci ta tara mu, Iya tana bakin murhu ta ba mu baya.

"Tom, ka san da wannan?"

"Yau na fara ji," in ji shi. Ko idonsa bai ƙifta ba.

Ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Isiyaku, shekara da shekaru muna jiran shekara irin wannan, don mu ga iya ɓarnar da makarar ɗumi take yi. Ta zo, kai kuma ka sa hannu. Yanzu 'ya'yan da ke tsibirin nan ba yanayi ne ya ba da adadinsu ba, kai ne. Dole in zubar da tsibirin gaba ɗaya daga lissafin bana."

"Ranki ya daɗe, na rubuta komai. Ki ɗauka sun mutu, ki cire tara. Ai lissafi ne."

"Su huɗun da ka ƙara wa nauyi fa? Wa ya san abin da za su yi da ba ka taɓa su ba? An gaya maka dokar?"

"An gaya mini."

"To me ya sa?"

Na buɗe baki in ba ta labarin Inna da masu gajeren wando, sai na ga Turancina ba zai ɗauke shi ba. Na ce, "A wurinmu ba a tsayawa kallo."

"Na gane," in ji ta. "Amma ba zan iya sa hannu a kan mutumin da ban san ranar da zuciyarsa za ta sake rinjayar littafinsa ba."

Abin da ya fi ci mini rai, ta fi ni gaskiya a kan aikinta. Da zalunci tsantsa ta yi mini, da na samu abin riƙewa. Tom kuwa, wanda ya shafe makonni yana shan shayi a tanti, shi aka bar wa littafina da sheƙa talatin da ɗayan da na samo da ƙafata.

Jirgin da ya kawo Madam shi ya mayar da ni. Na miƙa wa Iya hularta, ta mayar mini da ita a kai ta ja ta har kunne. Maganar da ta fi tsawo da ta taɓa yi mini ke nan: "Kakata ma takan yi haka idan ruwa ya taso. Mu ba mu rubutawa ne kawai." Ta cusa mini busasshen kifi a jaka.

A Winnipeg ofis suka tambayi jar rigarsu. Na je gidan Malam Habu, wata mata ta leƙo ta ce ya tashi tuntuni. Aka rubuta a takardar sallamata cewa ban dawo da kayan aiki ba. Na shiga ƙasar da sunan mai idon zinare, na fita da sunan wanda ya ɓata bincike ya kuma ɓatar da riga.

Bayan wata biyu da dawowata wani abokin aikina na Falgore ya nuna mini shafin su Madam na intanet a waya. Ga mai tabon fari da 'ya'yanta bakwai, an sa ta a gaba don jan hankalin masu ba da tallafi, an rubuta wai dinya mai juriya a shekarar wahala. A ƙasan hoton sunan Tom. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inna ce ta ƙarshe da na gaya wa. Na yi ta kewaye-kewaye har sai da ta ritsa ni wata la'asar, tana zaune a tsakar gida tana watsa wa zabinta tsaki. Na durƙusa na kwashe komai na faɗa mata: rigar, da ruwan, da hular, da karatun da ya tafi ba zai dawo ba. Na zaci za ta yi salati, ko ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ta saurara har na kai aya, hannunta bai daina watsa tsakin ba.

"Nawa ka ce ka kwashe?"

"Goma sha ɗaya, Inna."

"Nawa suka fito?"

"Tara."

"Biyun fa?"

"Baragurbi suka zama."

Ta yi tsaki, ta kaɗa kai. "A hula! Wa ya ce maka ana ɗaukar ƙwan kwanci a hula? Iska ce ta buge su. A jiki ake sa su, cikin riga, su ji ɗumin fata. Ni a ƙirjina na ɗaure nawa da zane tun daga tsohon gari." Ta karkaɗe ƙwaryar ta miƙe. "Duk karatun naka, ɗan wannan ma ba ka iya ba."

Na bi ta da kallo har ta shige ɗaki. Tun da na dawo nake lissafin abin da na rasa a Kanada, ban taɓa sa biyun nan a ciki ba. Ita kuwa su kaɗai ta ƙirga.